Babi na Bakwai: Gasar Wii, PlayStation 3 da Xbox 360

Tsakanin Nuwamba 2005 da Nuwamba 2006, kamfanoni uku sun fito da sababbin na'urorin wasan bidiyo na gida. Microsoft na Amurka ne ya fara da Xbox 360, bayan shekara guda Sony da Nintendo na Japan suka biyo baya da PlayStation 3 da Wii, kwana biyu rak tsakaninsu a kasuwar Amurka. Tun kafin ta ƙarshensu ta isa kanti, masu nazarin kasuwa a bankuna da kamfanonin bincike sun riga sun jera su, an san wadda za ta zo ta ɗaya da wadda za ta riƙe wutsiya. Irin wannan hasashe yana da masu bukatarsa. Kamfanin da ke ƙirƙirar wasanni yakan shafe shekara biyu ko uku yana zuba miliyoyin daloli a kan wasa guda, don haka dole ya san na'urar da za ta cika gidaje kafin ya fara aiki. Haka ma manyan kantuna da ke sari, da masu hannun jari a kamfanonin uku.

Kafin a kwatanta na'urorin, sai an fahimci inda riba take a wannan sana'a. Galibi ba a jikin na'urar take ba. An saba sayar da sabuwar na'ura a kan kuɗin ƙera ta, ko ma ƙasa da haka, domin mai ita yana karɓar kaso daga kowane faifan wasa da aka sayar don ta, ko da wani kamfani dabam ne ya yi wasan. Ke nan duk na'urar da ta shiga gida ta zama wata kafa ta samun kuɗi na tsawon shekaru. Daga nan ne ake samun wani zagaye da ke ciyar da kansa: na'urar da ta fi yawa a gidaje ita masu wasanni ke rububi, wadda ta fi wasanni kuma ita sabon mai saye ke nema, musamman idan ita abokansa ke da ita. Shi ya sa masu hasashe ke ba shekara biyu na farko muhimmanci fiye da kima. A ganinsu, wanda ya yi gaba a wannan lokaci da wuya a kamo shi.

Abin da masu hasashe suka gani

A shekarar 2005, duk wanda ya duba tarihi Sony zai ba gaskiya. PlayStation ta farko ta haura miliyan 100. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta ci gaba da ciniki har daga baya ta zarce miliyan 155. Abokan hamayyarta kuwa ba su ko kusanto ta ba: Xbox ta farko ta tsaya a wajen miliyan 24, GameCube ta Nintendo a ƙasa da miliyan 22. Lamarin Nintendo ya fi ba da tsoro, domin tun daga na'urarsa ta gida ta farko a 1983, kowace sabuwa takan kasa kai cinikin wadda ta gada. Ga kuma misalin Sega, wanda ya taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da Nintendo, amma ya daina ƙera na'ura a 2001 ya koma yi wa wasu wasanni. Masu sharhi da dama sun ɗauka can Nintendo ya dosa.

A watan Agusta 2006, kamfanin bincike na Yankee Group ya fitar da ƙiyasin yadda kasuwar Arewacin Amurka za ta kasance a 2011: PlayStation 3 a gaba da wajen miliyan 30, Xbox 360 na biye da miliyan 27, Wii can baya da miliyan 11. Wannan ƙiyasi ya yi daidai da ra'ayin da ya fi yawo a lokacin. Ya ginu ne a kan abubuwa biyu da ake iya aunawa cikin sauƙi, wato ƙarfin injin kowace na'ura da kuma abin da kamfaninta ya yi a baya. Akwai wani zato na uku da ba a faɗa ba domin an ɗauke shi tamkar gaskiyar da ba ta bukatar hujja, cewa mutanen da suka sayi na'ura a zagayen baya su ne za su saya a wannan.

Dabarar kowane kamfani

Microsoft ya dogara ne da sammako. A zagayen baya ya shigo bayan PlayStation 2 ta riga ta kafu, kuma an ƙiyasta cewa Xbox ta farko ta ci masa wajen dala biliyan huɗu. Don haka ya gaggauta fito da Xbox 360 ranar 22 ga Nuwamba 2005, iri biyu, ta dala 299 da ta dala 399. Ya kuma riƙe wani makami da sauran ba su da kamarsa, wato Xbox Live, tsarin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, wanda ake biyan wajen dala 50 a shekara. Burinsa shi ne ya kai miliyan 10 kafin abokan gasa su gama shiri.

Sony kuwa ya yi niyyar ƙera na'urar da ba ta da tsara. Ya haɗa kai da IBM da Toshiba aka ƙera mata wata sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna Cell, aka kuma sa mata na'urar karanta faifan Blu-ray. Wannan na biyun yana da dalili da ya wuce wasa. A lokacin ana tsakiyar wani rikici a kan faifan da zai gaji DVD a harkar fina-finai, Sony da tawagarsa na bayan Blu-ray, Toshiba na bayan HD DVD. Kowace PlayStation 3 da ta shiga gida ƙuri'a ce ga Blu-ray. Dabarar ta taɓa aiki, domin mutane da yawa, musamman a Japan, sun sayi PlayStation 2 ne saboda tana kunna DVD a farashi mai sauƙi.

Sai dai kayan sun yi tsada. A baje kolin E3 na Mayu 2006 a Los Angeles, Sony ya bayyana farashi: dala 499 ga ƙaramar, dala 599 ga babbar. Duk da haka faɗuwa yake yi. Kamfanin iSuppli, wanda ya kwance na'urar ya yi wa kowane ɓangare kuɗi, ya ƙiyasta cewa ƙera kowace ɗaya na cin sama da dala 800. Idan aka kwatanta da na'urar kallon Blu-ray zalla, wadda ake sayarwa wajen dala dubu a wannan shekara, PlayStation 3 garaɓasa ce. Amma uban da ya je kanti don ya saya wa yara abin wasa ba wannan lissafi yake yi ba. Ga kuma ƙarancin wani ɗan ƙaramin ɓangare da ke fitar da hasken karanta faifan, wanda ya sa kayan suka yi kaɗan a ranar buɗe kasuwa, aka ɗage fitowarta a Turai zuwa Maris 2007. Abin mamaki a nan shi ne Sony ya fi kowa sanin tasirin farashi. A E3 na 1995, bayan Sega ya sanar da cewa na'urarsa Saturn za ta tafi a dala 399, wani shugaban Sony a Amurka, Steve Race, ya hau mumbari ya ambaci lambar 299 kawai, wato farashin PlayStation, ya sauka. Saturn ba ta kai miliyan 10 ba a duk rayuwarta.

Nintendo ya ƙi shiga wannan tsere gaba ɗaya. Satoru Iwata, wanda ya zama shugaban kamfanin a 2002, ya daɗe yana cewa wasanni sun yi wuya, abin riƙewa ya cika maɓallai, har mutanen da ba su saba ba suna jin tsoron taɓa shi, kuma masu wasa a Japan raguwa suke yi. Maganin da ya gani shi ne a nemo waɗanda ba sa wasa sam. Aka ɗauki injin GameCube aka ɗan ƙara masa ƙarfi, aka bar zancen hoto mai tsananin kyau irin na sababbin talabijin, aka mayar da hankali ga abin riƙewa. Wii Remote ya yi kama da rimot ɗin talabijin, kuma yana gane motsin hannu. Wanda zai buga tanis sai ya kaɗa hannu kamar mai riƙe da abin bugun, wanda zai yi dambe ya kai naushi. Farashin dala 250 ne a Amurka, aka kuma haɗa da faifan Wii Sports a matsayin gyara a mafi yawan ƙasashe, ban da Japan inda aka sayar da shi dabam. Da yake kayan cikinta tsofaffi ne masu araha, Nintendo yana cin riba a kan kowace Wii tun ranar farko, abin da sauran biyun ba su ko yi mafarkinsa ba.

Alamar cewa wannan dabara na iya aiki tana nan a fili, ba a dai ba ta nauyi ba ne. Tun 2004 ƙaramar na'urar hannu ta Nintendo DS ke gasa da PSP ta Sony, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2005 DS ta samu wasanni irin su Nintendogs, na kiwon ɗan kare, da Brain Age, na lissafi da wasa ƙwaƙwalwa, waɗanda mata da dattawa suka saya da yawa. A ƙarshe DS ta kai miliyan 154, kusan ninki biyu na PSP.

Shekarun farko

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Wii ta ƙare a kantuna tun makon farko, kuma ta ci gaba da wahalar samu a Amurka har cikin 2008, duk da cewa a 2007 Nintendo na ƙera wajen miliyan 1.8 a kowane wata. Hanyar da ta bi ta yaɗu ba talla ce kawai ba. Baƙo ya zo gida, a miƙa masa rimot, cikin minti biyu ya iya, washegari ya tafi neman tasa. Ta shiga gidajen kula da tsofaffi da asibitocin gashin ƙashi. Wii Fit, wadda ta zo da wani allo da ake hawa don motsa jiki, ta haura miliyan 22. Kafin ƙarshen 2007 Wii ta wuce Xbox 360 a jimillar duniya, duk da tazarar shekara guda da ke tsakaninsu, kuma a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2009 kaɗai an sayar da kusan miliyan 26. Abin da aka yi mata hasashen za ta kai a Arewacin Amurka cikin shekara biyar, ta wuce shi cikin shekara biyu.

Gaggawar Microsoft ta zo da nata farashin. Na'urori masu yawa na farko sun riƙa mutuwa saboda zafi da ke lalata haɗin kayan ciki, sai fitilu uku ja su kama a kewayen maɓallin kunnawa. A Yuli 2007 kamfanin ya amsa laifi, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku a kan wannan matsala, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara da musanya. A wata sana'ar, irin wannan abin kunya zai iya kashe haja. Xbox 360 ta tsira saboda masu ita sun riga sun tara abokai a Xbox Live, ga wasanni irin su Gears of War da Halo 3, wanda ya tara dala miliyan 170 a Amurka a ranarsa ta farko a Satumba 2007.

Sony ne ya fi shan wuya. Sashensa na wasanni ya yi asarar sama da yen biliyan 230 a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2007, kuma a Yuni na wannan shekara Ken Kutaragi, wanda ya assasa PlayStation, ya sauka daga shugabanci, Kazuo Hirai ya karɓa. Ƙwaƙwalwar Cell, wadda aka yi ta alfahari da ita, ta zame wa masu rubuta wasanni ƙarfen ƙafa, har wasa guda yakan fi tafiya daidai a Xbox 360 mai araha fiye da PlayStation 3 mai tsada. Wasannin da a da ake sayen PlayStation saboda su suka fara fita a wurare biyu. Grand Theft Auto IV ya fito a kan na'urorin biyu rana ɗaya a Afrilu 2008, bayan 'yan watanni aka sanar cewa Final Fantasy XIII ma zai je Xbox 360. Nasarar da Sony ya samu a wannan lokaci ita ce ta faifai, domin Toshiba ya janye HD DVD a Fabrairu 2008.

Da a 2009 aka rufe littafi, da hukuncin mai sauƙi ne. Amma wannan zagaye ya yi tsawon da ba a saba gani ba, kusan shekara takwas, kuma rabinsa na biyu bai yi kama da na farko ba.

Juyawar kasuwa

Sony ya yi ta rage kuɗin ƙira yana karya farashi. A ƙarshen 2007 ya fito da ta dala 399, bayan ya cire mata damar kunna faifan PlayStation 2. A Satumba 2009 ya kawo siririya a dala 299, kuma daga nan ne cinikin ya miƙe sosai. Ɗakunan ƙirƙirar wasanni na Sony suka ƙware da injin, suka fitar da Uncharted 2 a 2009 da The Last of Us a 2013. Ko kutsen da aka yi wa rumbun PlayStation Network, tsarin intanet na Sony, a Afrilu 2011, wanda ya shafi asusu wajen miliyan 77 ya kuma rufe tsarin sama da mako uku, bai tsayar da ita ba. Microsoft ya sauke mafi arahar na'urarsa zuwa dala 199 a 2008, sannan a Nuwamba 2010 ya kwaikwayi Nintendo da Kinect, kyamara mai gane motsin jiki, wadda aka sayar da miliyan takwas cikin kwana 60.

Wii kuwa ta fara gangara, kuma da sauri: daga kusan miliyan 26 zuwa miliyan 20 da rabi, zuwa 15, zuwa ƙasa da 10 a shekarar da ta ƙare a Maris 2012. A wannan shekarar ce Nintendo ya bayyana asarar shekara, abin da bai taɓa yi ba tun da ya zama kamfanin wasan bidiyo, ko da yake tsadar yen da karya farashin sabuwar na'urar hannunsa ta 3DS sun taka rawa a ciki. Dalilan gangarowar suna cikin dalilan hawan. Manyan talabijin masu hoto tangaran, waɗanda ba kowa ke da su ba a 2006, sun cika gidaje, hoton Wii ya fara nuna tsufansa. Manyan wasannin wasu kamfanoni ko dai ba sa zuwa Wii, ko su zo a rage. Sababbin masu sayen da Iwata ya jawo kuma ba su da wata alaƙa mai zurfi da na'urar. Da wayoyin hannu na zamani suka kawo musu wasanni kyauta ko a kuɗi kaɗan, sai suka koma can.

Matsalar ƙidaya

Alƙaluman da ake kwatantawa ba iri ɗaya ba ne. Kamfani yakan faɗi adadin da ya tura wa kantuna, wanda ya bambanta da adadin da ya kai hannun masu saye. Microsoft ya sanar cewa ya tura miliyan 10.4 zuwa ƙarshen 2006, ya cika alƙawarinsa ke nan, amma bayan wata shida jimillar ba ta wuce miliyan 11.6 ba, alamar cewa an cika kantuna da kaya har sun yi kwantai. Don sanin ainihin ciniki, a lokacin akan dogara ne ga masu ƙidaya daga kantuna, irin su NPD a Amurka, Famitsu da Media Create a Japan, da Chart-Track a Birtaniya.

Wuri ma yana canza amsa. A Amurka PlayStation 3 ce ta zo ta uku, kuma da tazara, saɓanin hasashen 2006. A Japan Xbox 360 ba ta kai miliyan biyu ba, duk da kuɗin da Microsoft ya kashe wajen jawo mashahuran masu wasanni na ƙasar. A yawancin ƙasashen Turai da sauran kasuwannin duniya sunan PlayStation ya riƙe mutanensa, kuma daga can ne Sony ya cike giɓin. Akwai kuma wuraren da ba sa shiga lissafi ko kaɗan. A gidajen gem na Kano, Kaduna ko Jos, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallon PES ko FIFA, PlayStation 2 ce ta ci gaba da sarauta shekaru bayan Turai da Amurka sun ajiye ta, daga baya PlayStation 3 ta gaje ta. Mafi yawan waɗannan na'urori na gwanjo ne, an riga an ƙirga su sau ɗaya a ƙasar da aka fara sayar da su. Sony bai daina ƙera PlayStation 2 ba sai a farkon 2013, kuma FIFA 14 ya fito a kanta.

Jimillar ƙarshe ta nuna Wii da miliyan 101.63, PlayStation 3 da wajen miliyan 87, Xbox 360 da wajen miliyan 84 bisa adadin ƙarshe da Microsoft ya bayar a 2014. Kowane kamfani na iya karanta wannan yadda ya ga dama. Nintendo ya ninka cinikin GameCube fiye da sau huɗu kuma ya ci riba tun daga farko. Microsoft ya ninka nasa fiye da sau uku, ya zama babba a Amurka, kasuwar da ta fi kowace kuɗi. Sony ya tashi daga baya ya kamo, amma ya rasa kusan rabin masu sayen PlayStation 2, kuma sai a 2010 na'urar ta daina jawo masa faɗuwa a kan kowace ɗaya. Idan aka yi adalci, masu hasashen 2006 ba su yi nisa da gaskiya ba a kan cewa Sony da Microsoft za su yi kunnen doki, ko da yake a jimillar duniya ne hakan ya faru, ba a Arewacin Amurka ba. Wii ce suka kasa gani, domin masu sayenta ba sa cikin alƙaluman baya da aka gina ƙiyasin a kansu.

Zagaye na gaba ya sake rushe dogaro da tarihi. Wii U, magajiyar na'urar da ta haura miliyan 100, ta fito a Nuwamba 2012 ta tsaya a miliyan 13.56. A 2013 Microsoft ya haɗa Xbox One da Kinect dole ya sa mata dala 499, Sony ya sa wa PlayStation 4 dala 399, ta kuwa haura miliyan 117. Daga 2015 Microsoft ya daina bayyana adadin na'urorin da yake sayarwa a rahotanninsa na kuɗi, ya koma faɗin yawan masu amfani da Xbox Live. Tun daga lokacin, kwatanta cinikin Xbox da na sauran biyun ya dogara ne galibi ga ƙiyasin kamfanonin bincike da kuma takardun da kan fito a gaban kotu ko hukumomin kula da gasar kasuwanci.